Sau nawa za a kunna faifan kafin ya tsage? Yadda muka bi lissafin gajiyar ƙarfe

Tambayar da aka kawo mana gajera ce. Ga faifan kwamfiresa na injin gas mai ba da wutar lantarki, yana da ramukan noti 24 a kewayensa, sau nawa za a kunna shi a kashe kafin tsaga ta ɓullo a bakin ɗaya daga cikin ramukan? Mai injin adadi guda yake so, ya rubuta a littafin gyara ya huta. Ƙarfe kuwa ba ya ba da adadi guda. Ka yanko sanduna goma daga ƙira ɗaya, ka goge su iri ɗaya, ka gwada su a inji ɗaya, ba abin mamaki ba ne wata ta karye a zagaye 3,000 wata ta wuce 7,000. Amsar da za a iya tsayawa a kanta sai mai ƙafa uku: zagaye kaza, yiwuwar tsagewa kaza, tabbaci kaza. Idan ƙafa ɗaya ta ɓace, adadin ba shi da amfani.

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa wayar ƙarfe da hannu gaba da baya har ta tsinke ya san irin gajiyar da muke magana a kai. Wayar ba ta komawa yadda take bayan kowace lanƙwasa, wurin yana ɗumi, kuma ba ta kai lanƙwasa ɗari ba take rabuwa. Haka abin yake a bakin ramin noti. Faifai yana tashi daga tsaye zuwa juyi 3,000 a minti, ƙarfin juyin yana jan ƙarfen waje, ramin kuma yana tattara matsin ya ninka shi biyu zuwa uku a fatar bakinsa. Jikin faifan gaba ɗaya lafiya lau yake, amma wannan siririyar fatar ta wuce iyakar da ƙarfe ke komawa yadda yake. Kunnawa ɗaya da kashewa ɗaya zagaye ɗaya ke nan. Rayuwar irin wannan wuri dubbai ce kaɗan, galibi ƙasa da zagaye 10,000, shi ya sa ake kiranta gajiyar ƙarancin zagaye. Da zarar ƙarfe ya shiga miƙewa marar komawa, matsi ya daina zama ma'auni mai kyau, domin yakan ƙaru kaɗan alhali miƙewar ta ninka. Saboda haka da miƙewa ake auna komai a nan.

Mun fara da samfur, kuma a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa daga baya. Daga ƙirar faifan kansa aka yanko su, kusa da inda ramukan suke, tsawonsu yana bin kewayen faifan, domin ta nan ne matsin ke ja. Sandar da aka saya a kasuwa mai suna iri ɗaya ba za ta maye gurbi ba, ƙwayoyin cikinta ba su kwanta yadda na ƙirar suka kwanta ba. Mun kuma nace a samo daga tukunyar narki uku daban. Wanda ya gwada tukunya ɗaya, warwatsuwar tukunya ɗaya ya auna, alhali faifan da ke aiki daga tukwane da yawa suka fito.

Samfur 24 muka yanka, muka raba su matakin miƙewa shida, huɗu a kowane mataki: kashi 0.3, 0.4, 0.5, 0.7, 1.0 da 1.5 cikin ɗari, wato rabin tazarar da ke tsakanin ja da dannawa. Ƙa'idar E739 ta ASTM, hukumar tsara ƙa'idojin gwaji ta Amurka, tana auna maimaici, wato yawan maimaita gwaji a mataki guda, da cewa a raba yawan matakai da yawan samfur, a cire daga ɗaya. Shida cikin 24 rubu'i ne, saura kashi 75 cikin ɗari, wanda shi ne ƙasan abin da take nema ga bayanan da za a gina lissafin aminci a kansu. Kaurin tsakiyar samfur milimita 6.35, kamar yadda ASTM E606 ta fi so kada a gaza. An sassaƙe shi da yanka mai sauƙi a ƙarshe don kada a bar matsi a ɓoye cikin fata, sannan aka goge da samfefa mai laushi a tsaye, bisa tsawon sandar, har kaushin ya sauka zuwa maikiromita 0.2. Gogewa a kewaye tana barin zobba sirara, kowane zobe kuwa farkon tsaga ne da ka dasa da hannunka.

Injin gwajin mai aiki da matsin mai ne, ƙarfinsa kilonutan 100. Samfurin ba ya buƙatar fiye da wajen 35, amma inji mai tauri ya fi riƙe saiti. Kafin komai sai an duba daidaiton muƙamukan sama da ƙasa da sandar gwaji mai ɗauke da ma'aunai a gefe huɗu, bisa ASTM E1012. Lanƙwasar da ake yarda da ita ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari na tazarar miƙewa mafi ƙanƙanta da za a gwada. Idan muƙamukan sun karkace, samfur suna mutuwa da wuri kuma duk tsagar daga gefe ɗaya take farawa. Don haka muke yi wa kowane samfur alama a gefen da ke fuskantar gaban injin. Idan tsaga biyar a jere sun fito ta gefen alamar, injin muke gwadawa, ba ƙarfen ba.

Na'urar auna miƙewa tana kama samfurin da bakin wuƙa biyu, tazararsu milimita 12.5, kuma ita ce ke ba injin umarni. Wannan bakin wuƙar yana iya cizon fatar da aka sha wahalar gogewa, tsaga ta fara a ƙarƙashinsa. Maganinsa ɗigo biyu na gam mai ƙarfi a inda wuƙar za ta zauna. Kafin a saki gwajin, mukan ɗan ja samfurin a hankali cikin iyakar komawa mu auna taurinsa, wato E. Idan ya kauce wa abin da aka sani da fiye da kashi 5 cikin ɗari, na'urar ba ta zauna daidai ba, a cire a sake ɗaurawa. Saurin miƙewa 0.004 a daƙiƙa muka riƙe a kowane mataki. A kashi 0.5, zagaye ɗaya daƙiƙa 5 ne, zagaye 5,000 kusan awa 7. A kashi 0.3 kuwa gwaji ɗaya yana cin wajen awa 42, kuma duk tsawon lokacin bai kamata wuta ta ɗauke ba, domin idan matsin mai ya faɗi farat ɗaya samfurin yana iya shan dannawar da ba a tsara ba. Janareto da batirin ajiya na kwamfuta suna cikin kayan gwajin kamar yadda na'urar aunawa take. Jerin gwajin ma da ƙuri'a muka tsara shi, ba mataki bayan mataki ba, don kada wani sauyi a injin ya ɓuya cikin mataki ɗaya.

Dole a yanke tun farko me ake nufi da mutuwar samfur. Mu mun ɗauki lokacin da ƙarfin ja mafi girma ya faɗi da kashi 25 cikin ɗari daga layin da ya daidaita a kai. Wasu 10 suke ɗauka, wasu 50. Bambancin bai da yawa a miƙewa babba, amma haɗa bayanai biyu masu ma'ana daban yana ƙirƙirar warwatsuwar da ba ta ƙarfen ba ce.

Cikin 24, huɗu sun fita daga lissafi: biyu sun tanƙware a kashi 1.5 wajen dannawa, ɗaya ya tsage ƙarƙashin wuƙa, ɗaya ya karye a kafaɗa, wajen tazarar aunawa. Saura 20. Akwai abin da nake son a riƙe a nan da kyau. Ana cire samfur ne saboda dalilin da aka gani da ido a jikinsa ko a rikodin injin. Ba a cire shi don kawai ya mutu da wuri ya ɓata kyan layin. Wanda ya mutu da wuri ba tare da laifin gwaji ba, shi ne mafi tsada cikin duka, domin shi kaɗai ke ba ka labarin ɓangaren da kake tsoro. A ɗauki fuskar karayarsa a duba a madubin ƙara girma, a nemo inda tsagar ta fara.

Daga kowane gwaji mukan ɗauki zagayen da ke rabin rayuwa, mu raba miƙewarsa biyu: mai komawa, wato matsi a raba da E, da marar komawa, wato abin da ya rage. Mai komawa tana bin dokar Basquin ta 1910. Marar komawa tana bin dokar da Coffin da Manson suka gano kowa da kansa a farkon shekarun 1950. Idan aka haɗa su, εa rabin tazarar miƙewa ce, N yawan zagaye kafin mutuwa, σ'f da b na layin mai komawa, ε'f da c na marar komawa:

εa = (σ'f / E)(2N)^b + ε'f (2N)^c

Domin kowa ya iya maimaita lissafin da kansa, daga nan zan yi aiki da alƙaluman da aka daɗe da wallafawa na ƙarfen 4340 da aka ƙona aka tausasa: E megafaskal 207,000, σ'f 1,758, b −0.0977, ε'f 2.12, c −0.774. Da waɗannan, miƙewar kashi 0.515 tana ba da zagaye 5,000, ta 0.66 tana ba da 2,500, ta 0.42 tana ba da 10,000. Layukan biyu suna haɗuwa a wajen zagaye 1,750. Ƙasa da nan marar komawa ce ke da rinjaye.

Wajen zana layin akwai tarko uku. Na farko, log N shi ne abin da ke warwatse, miƙewa kuwa mu muka saita ta. Don haka log N ake ɗorawa a kan log ɗin miƙewa, ko da yake a zane an saba kwantar da N a ƙasa. Wanda ya juya su zai samu gangara ta daban da sigma, wato ma'aunin warwatsuwa, marar ma'ana. Na biyu, a matakin 0.3 miƙewa marar komawa wajen 0.0003 ce kawai, kuma ragowar cire babban adadi daga babban adadi ce. Kuskuren kashi 1 cikin ɗari a E yana zama kusan kashi 10 a cikinta. Mukan bar duk wadda ta gaza 0.0005 a wajen zana layin marar komawa. Na uku, samfurin da aka tsayar bai karye ba, ba a jefar da shi, ba a kuma rubuta shi kamar ya karye. Abin da ya faɗa maka shi ne rayuwarsa ta wuce kaza, kuma hanyar ƙididdigar da ake kira yiwuwa mafi girma ce ke iya karɓar irin wannan shaidar. Ita ce kuma ke ba da dama a bar sigma ta ƙaru yayin da miƙewa ke raguwa, domin haka take yi a zahiri.

Sai faifan kansa. An gina shi a kwamfuta gunduwa-gunduwa, aka ƙara ƙananta gunduwoyin bakin ramin har adadin ya daina motsi da fiye da kashi 2 cikin ɗari. Lissafin ya ɗauka cewa ƙarfen yana komawa ko yaushe, saboda haka yakan ba da matsin da ba ya yiwuwa, a ce tazarar megafaskal 1,750, rabinta 875. Dokar Neuber ta 1961 ce ke mayar da shi gaskiya: matsin gaske sau miƙewar gaske daidai yake da murabba'in matsin kwamfuta a raba da E. Ana warware ta tare da layin matsi da miƙewa na maimaici, ba na ja ɗaya ba. Wannan ƙarfen yana laushi idan aka yi ta maimaita masa: iyakarsa a ja ɗaya wajen 1,100 ce, a maimaici kuwa ta sauka wajen 730. Wanda ya yi aiki da 1,100 zai ga miƙewa ƙarama, ya yi wa faifan alƙawarin rayuwar da ba shi da ita. Da alƙaluman da suka dace, rabin tazarar matsi ya fito wajen 718, miƙewa wajen 0.515, rayuwar tsakiya zagaye 5,000. Zagayen faifai daga sifili zuwa ƙololuwa yake, don haka mukan duba tasirin matsin tsakiya da ma'aunin Smith, Watson da Topper na 1970, ko da yake a miƙewa marar komawa mai girman wannan, yawancin matsin tsakiyar yana sakewa da kansa tun da wuri.

Wannan 5,000 ɗin ma'anarta rabin irin waɗannan ramukan sun tsage kafin su kai ta. Babu mai hankalin da zai ba injin wannan adadin. Aikin gaske yanzu ya fara.

A injinan jirgin sama an daɗe ana aiki da ma'aunin ɗaya cikin dubu a Amurka, ɗaya cikin 750 a Birtaniya, zuwa ga tsaga mai tsawon da bai kai milimita ɗaya ba. Al'adar Birtaniya tana ɗaukar cewa mafi tsawon rai ya ninka mafi gajarta sau 6 tsakanin sigma uku sama da sigma uku ƙasa, wanda ke nufin sigma ta log N ita ce 0.13. Da ita zan ci gaba. Idan log N yana bin rabon ƙararrawa da aka sani, wanda zan kira rabon log, kuma ka san sigma da tsakiyar ba tare da shakka ba, ɗaya cikin dubu tana nisan sigma 3.09 ƙasa da tsakiya, wato zagaye 1,980. Amma ba ka san su ba, ƙiyasta su ka yi daga samfur 20. Idan kana son tabbacin kashi 95 cikin ɗari, 3.09 ta koma 4.32, rayuwar ta sauka zuwa 1,370. Da samfur 10 ne, adadin 5.20 ne, rayuwa 1,050. Da 30 ne, 4.02, rayuwa 1,500. Ka ga goma na biyu sun saya maka zagaye 320, goma na uku 130 kacal. Wannan ne lissafin da nake nuna wa mai biyan kuɗin gwaji idan ya tambayi me ya sa 24 ba 12 ba, da kuma me ya sa ba 60 ba. Waɗannan alƙaluman na samfur ne a mataki guda. A kan layin da aka zana sukan ɗan fi haka, musamman can nesa da tsakiyar matakan da aka gwada.

Ga kuma abin da ya fi damuna a duk aikin. Ka ɗauki bayanan nan guda, tsakiya 5,000, warwatsuwa iri ɗaya, ka ce rabon Weibull, wani rabon ƙididdiga na daban, suke bi. Ma'aunin siffarsa zai fito wajen 4.3, ɗaya cikin dubu kuma ta faɗo zagaye 1,090 a maimakon 1,980. Kusan rabi. Samfur 20 ba za su raba maka gardama ba, domin mafi munin cikinsu a wajen ɗaya cikin ashirin yake zaune, a nan kuwa rabon biyu kusan jikinsu a haɗe yake. Sai can cikin wutsiya suke rabuwa, inda ba ka da ko samfur ɗaya. Gwajin dacewa zai ce duka biyun sun wuce. Saboda haka zaɓin rabo hukunci ne na injiniya, kuma dole a rubuta shi a fili a matsayin hukunci. Ni nakan lissafa da duka biyun. Idan madubi ya nuna tsagar tana farawa daga fata mai tsabta ta hanyar zamewar ƙwayoyi, nakan karkata ga rabon log. Idan daga ƙananan dattin cikin ƙarfe take farawa, inda mafi munin datti ke yanke hukunci, Weibull ya fi kusa da yadda abin ke faruwa.

Ƙarfe ba shi kaɗai ke warwatse ba. A wannan wurin na layin, rayuwa tana bin miƙewa da ƙarfi na wajen uku: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a miƙewa yana sauke 5,000 zuwa 3,750. Miƙewar kuma tana bin matsin kwamfuta da ƙarfi na wajen ɗaya da rabi ta hanyar Neuber, matsin kuma yana bin murabba'in saurin juyi. Ka haɗa sarƙar, za ka ga ƙarin kashi 1 cikin ɗari a sauri yana cin kusan kashi 9 na rayuwa, ƙarin kashi 2 yana cin wajen 17. Injin da ke haɗe da babban layin wuta saurinsa na bin mitar layin ne. Idan mita ta tashi daga 50 zuwa 50.5, kashi 1 ɗin nan ke nan. A inda mitar layi ke yawo kuma layin ke faɗuwa, kamar yadda aka sani a Najeriya, injin yakan ɗan zabura sama duk lokacin da kaya ya sauka daga kansa farat ɗaya. Don haka ba mu ɗauki 3,000 daga allon jikin injin ba. Mun karɓi rikodin sauri na kowace kunnawa, muka ciro ƙololuwar kowace, muka gina rabonta daga nan. Mun yi haka da faɗin rami da lanƙwasar bakinsa daga takardun awon masana'anta, da ɗaurin noti, da bambancin zafi tsakanin cibiya da baki lokacin tashi.

Duk waɗannan aka zuba a lissafin Monte Carlo: kwamfuta ta zaɓo ƙarfe ɗaya, rami ɗaya, sauri ɗaya bisa rabonsu, ta warware Neuber, ta fitar da N, ta sake. Domin ganin ɗaya cikin dubu da kuskuren da bai wuce kashi 10 ba, sai an yi zaɓe 100,000, don a samu wajen ɗari a cikin wutsiya. Sake gina faifan a kwamfuta sau dubu ɗari ba ya yiwuwa, sai muka gudanar da shi sau 'yan gomomi a wurare zaɓaɓɓu muka shimfiɗa sauƙaƙan lissafi a kansu, muka gwada shi da wasu wuraren da bai gani ba.

Kuskuren da na fi cin karo da shi a irin wannan lissafin shi ne a zaɓo ε'f da c kowanne da kansa. Su biyun daga layi ɗaya suka fito, ɗaya tsayinsa ɗaya gangararsa, kuma a ɗaure suke tamau: idan gangara ta ƙaru, tsayin ma ya ƙaru, layin yana juyawa ne a kan tsakiyar bayanan. Ka motsa c da 0.05 ka bar ε'f a tsaye, a 2N na 10,000 miƙewa marar komawa za ta canza da kusan kashi 58 cikin ɗari, abin da babu samfurin da ya nuna. Sakamakon sai ya zama wutsiya mai ban tsoro wadda ta kwamfuta ce kawai. Gyaran shi ne a zaɓo su tare daga jadawalin dangantakarsu, ko a yi ta sake ɗibar samfur 20 ɗin da mayarwa ana sake zana layin kowane karo. Kafin a ƙara komai, a gwada lissafin da warwatsuwar ƙarfe kaɗai a ga ko zai dawo da sigma 0.13. Idan bai dawo da ita ba, akwai ɓaraka. Za a iya duba jimillar da hannu ma: rashin tabbas na kashi 5 a miƙewa daidai yake da 0.068 a log N, idan aka haɗa murabba'insa da na 0.13 aka ɗauki tushe, 0.147 ne, kuma 1,980 ta koma 1,760.

Sai batun ramuka. Samfur wuri ɗaya ne, faifai kuwa ramuka 24 gare shi, kuma ɗaya ya isa. Idan kowane rami cin gashin kansa yake, to don faifan ya tsaya a ɗaya cikin dubu, sai kowane rami ya tsaya a ɗaya cikin 24,000, wato sigma 3.93, rayuwa 1,540 a rabon log. A Weibull ragin ya fi tsanani, ya haura rabi. Sai dai ramukan ba baƙin juna ba ne, tukunyarsu ɗaya, saurinsu ɗaya. Abin da ya dace shi ne a raba sigma biyu: ta tsakanin tukwane a zaɓo ta sau ɗaya ga faifai, ta cikin tukunya a zaɓo ta sau 24 a ɗauki mafi muni. Amfanin tukwane ukun nan na farko ke nan. A ɗaya gefen, fatar da ke shan matsi a rami ƙarama ce idan aka kwatanta da ta samfur, matsin kuma yana faɗuwa da sauri idan ka shiga ciki, wannan yana taimakon faifan. Gwajin faifai na gaske a ramin juyawa shi ke nuna ko lissafin ya kama hanya. Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba: don a tabbatar da ɗaya cikin dubu da tabbacin kashi 95 ta gwaji kaɗai, sai faifai kusan 3,000 sun kai adadin ba tare da tsaga ba. Faifai biyu ko uku tsakiyar kawai suke gyarawa.

Akwai kuma abin da duk wannan lissafin ba ya gani. A ranar 19 ga Yuli 1989, faifan fanka na injin jirgin DC-10 ya tarwatse a sama, jirgin ya faɗi a Sioux City ta Amurka, mutum fiye da ɗari suka rasu. Faifan ya yi zagaye 15,503, iyakar da aka ba shi 18,000. Tsagar ta faro ne daga wani ƙullutu mai tauri, mai yawan naitirojin, da ya shiga taitaniyam ɗin tun wajen narki, kuma an duba faifan zagaye 760 kafin hatsarin ba a gan ta ba. A ranar 6 ga Yuli 1996 a Pensacola, wata cibiyar fanka ta fashe wajen tashi, mutum biyu suka rasu, asalin tsagar kuwa lahanin da aka yi wa fatar rami wajen huda shi. Irin waɗannan ba wutsiyar rabonka ba ne, dangi ne daban da samfur 20 masu sheƙi ba za su taɓa ƙunsa ba. Bayan Sioux City ne aka gina lissafi na biyu da ake gudanarwa gefe da gefe: yawan lahani a kowane nauyin ƙarfe, girmansa, saurin tafiyar tsaga bisa dokar Paris, da yiwuwar mai dubawa ya gan ta. Manhajar DARWIN ta cibiyar Southwest Research Institute don wannan aka yi ta, kuma ma'aunin da hukumar jiragen saman Amurka ta sa wa lahanin taitaniyam shi ne ɗaya cikin biliyan a kowane zagayen tashi ga kowane sashe. Mu ma mun yi namu ƙaramin: muka ɗauka akwai tsaga mai girman da na'urar dubawa ke iya tsallakewa, muka lissafa zagayen da za ta ɗauka kafin ta kai girman fashewa, muka raba shi biyu ya zama tazarar dubawa, don a samu dama biyu ta ganin ta.

A rahoton, adadi ɗaya bai tsaya shi kaɗai ba. Mun rubuta tsakiya, mun rubuta ɗaya cikin dubu bisa rabon log da bisa Weibull, kowanne da yawan samfur da tabbacinsa, da jerin abubuwan da suka fi jan sakamakon, ƙarfe a gaba, ƙololuwar sauri na biye. A misalin nan, dubawar farko a wajen zagaye 1,000 za ta faɗo, da na'urar igiyar maganaɗisu a cikin kowane rami, ba ruwan rini kaɗai ba, domin tsagar da ta rufe bakinta bayan an kashe inji ba ta shan rini sosai. Don kwatanci, tsohuwar ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ta tukwanen matsi, wadda ke raba zagaye da 20 ko ta ninka miƙewa biyu ta ɗauki mafi tsanani, da 250 za ta ba da a nan. Tazarar da ke tsakanin 250 da 1,000 ita ce abin da gwajin ya saya.

Shafi na ƙarshe na masu aiki da injin ne, domin su ke ƙirga zagayen. Awannin aiki ba sa shiga wannan lissafin. Abin da ake so a littafin shi ne kowace kunnawa da ranarta, ko ta kai cikakken sauri ko ta mutu a hanya, ƙololuwar saurin da aka kai, da yadda aka kashe, a hankali ko yankewa farat ɗaya. Ga sassan da ke shan wuta, jagorar gyara ta GE, kamfanin da ke ƙera injinan gas, tana ƙirga yankewa daga cikakken kaya a matsayin kunnawa takwas saboda girgizar zafi. Ga faifan kwamfiresa kuwa ƙololuwar saurin ce ke magana, sai muka ba su ɗan jadawali: kunnawar da ta tsaya a 3,000 zagaye ɗaya ce, wadda ta taɓa 3,030 a rubuta 1.1, wadda ta taɓa 3,060 a rubuta 1.2, a tara su bisa dokar Miner ta 1945, wadda ke tara ɓarnar kowane zagaye, a aiko mana da jimillar da rikodin saurin duk bayan wata shida mu sake gudanar da lissafin.